Tsatsar Faifan Birki: Bahasi a Kan Wadda Ido Ke Gani da Wadda Ke Ɓoye

Muƙaddima

 Mas'alar da na zo da ita gabanku ƙarama ce a ido, har mai yiwuwa wani ya ga ba ta cancanci a tsayar da majalisi irin wannan dominta ba, amma da yake tana rataye da abin da ke tsayar da mota, rayukan bayin Allah kuma suna rataye da tsayuwar motar a lokacin da ake bukata, na ga ya wajaba a yi mata bahasi na tsanaki. Mas'alar ita ce jar tsatsar nan da mai mota yake hangowa ta tsakanin ramukan wili a jikin faifan birki: shin tana rage ƙarfin birki har ta jefa mutum cikin haɗari, ko kuwa munin gani ne kurum?

Masu motoci sun kasu kashi biyu a kan wannan. Akwai wanda da ya ga ja a faifai sai hankalinsa ya tashi, ya garzaya gareji, a raba shi da kuɗinsa a kan abin da ba shi da aibi. Akwai kuma wanda ya taɓa jin an ce tsatsar birki ba kome ba ce, sai ya ɗauki wannan magana hukunci gama-gari, ya yi shekaru bai sa an kwance masa taya an duba ba. Abin da zan kafa hujja a kansa shi ne, launi ba bayyina ba ne a wannan babi, hukuncin tsatsa yana bin wurin da ta kama, da daɗewarta bayan an yi tafiya, da miƙdarin ƙarfen da ta ci, kuma mafi yawan wadda ke halaka mutane tana zaune ne a inda ido ba ya kaiwa sai an sa sifana.

Faifan da ƙarfen da ake yinsa da shi

Faifan birki yana juyawa tare da taya, sa'an nan akwai wani matsi da kanikawa ke kira kalifa wanda ya rungume gefensa, ɗauke da fad biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, idan direba ya taka birki sai mai ya tura fistin, fad ɗin su cije faifan, gogayyar da ke tsakaninsu ta mai da gudun mota zafi. Frederick Lanchester ya yi rajistar irin wannan birki a Bamingam ta Ingila tun 1902, amma bai karɓu ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953 da birkin faifai na kamfanin Dunlop, Citroën DS kuma ta fito da shi ga jama'a a 1955. Mu a nan da yawanmu mun san shi ne a jikin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975.

Ya kamata mu san girman aikin da aka ɗora wa wannan faifai. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa, ƙarfin motsin da ke tattare da ita kuwa ya kai wajen kilojul 580, wanda dukkansa sai ya zama zafi kafin ta tsaya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan nauyi yana sauka a kan faya-fayan gaba. Idan muka ƙaddara kowannensu kilo 7 ne, lissafi zai nuna tsayawa guda ɗaya tak tana ƙara musu zafi da digiri 60 ko fiye, idan kuwa aka yi ta maimaita taka birki a gangare ba tare da sun huce ba, sukan haura digiri 500.

Saboda wannan lalura ne maƙera motoci suka yi kusan ittifaƙi a kan baƙin ƙarfe na zubi, wanda ke ɗauke da kabon fiye da kashi 3 cikin 100 da silikon wajen kashi 2, kabon ɗin kuma yana warwatse a cikinsa a siffar 'yan ɓarɓashin girafait, irin baƙin abin da ke cikin fensir. Wannan ɓarɓashi shi ke sa ƙarfen ya kwashe zafi da sauri, ya shanye girgiza da ƙara, ya jure gogayya, ga shi kuma da arha da sauƙin zubi. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake yi wa babura faifai da shi, bai kai shi iya kwashe zafi ba, faifan kabon da tangaran kuwa da ake sa wa motocin tsere da na alfarma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Ke nan saurin tsatsa farashi ne da masana suka yarda su biya da saninsu domin samun wata maslaha da ta fi girma, kuma ganinta a faifai ba dalili ba ne na cewa an sayar wa mutum da jabu.

Yadda tsatsa ke kamawa

Tsatsa ba ta samuwa sai sharuɗɗa uku sun haɗu, watau ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. Ɗigon ruwan da ya zauna a kan ƙarfe yakan zama tamkar ƙaramin batir, a wani sashe ƙarfen yana narkewa yana sakin lantarki, a wani sashe oksijin yana karɓa, abin da suka haifa kuma shi ne jan garin da muke gani. Girafait ɗin da muka yaba a baya shi ne yake tsayawa a matsayin ɗaya kan batirin, saboda haka alherinsa da sharrinsa tushensu ɗaya. Fuskar faifan kuma tsirara take, ba ta riƙe fenti, domin duk abin da aka shafa mata fad zai share shi a tafiyar farko.

Abubuwa biyu ke hanzarta lamarin. Na farko danshin iska, wanda masanin Ingila W. H. J. Vernon ya nuna a shekarun 1930 cewa yana da wata iyaka, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, wadda ƙasa da ita ƙarfe yakan daɗe bai ci ba, sama da ita kuwa sai cin ya yi sauri ƙwarai. Na biyu gishiri, wanda ke sauƙaƙa wa lantarki ratsa ruwa, yana kuma janyo danshi daga iska ya tsare shi a jikin ƙarfe ko da sararin sama ya bushe. Akwai kuma wata ɗabi'a ta tsatsa da duk bahasinmu zai koma kanta: tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye, saboda haka idan ta kama a sarari sai ta ɓare ta zube, idan kuwa ta kama a matsattsen wuri sai ta kumbura ta tura abin da ke kusa da ita da ƙarfin gaske.

Wadda ba ta da illa

Motar da aka wanke da yamma, ko ta kwana cikin ruwan Agusta, ko raɓa ta sauka mata, da safe za a ga fuskar faifanta ta yi ja, wani lokaci ma sa'a guda ta isa. Kaurin wannan tsatsa bai wuce 'yan ɓurɓushin milimita ba, ba ta shiga jikin ƙarfen ba, misalinta kamar garmar da ta kwana a gona ta wayi gari da ja, wadda kunya biyu ko uku sun isa su mai da bakinta fari. Direba zai ji ƙarar gurza a takun farko, birkin kuma yakan ɗan fizga ko ya yi dabam da yadda aka saba, amma bayan taku kaɗan a hankali sai faifan ya koma sheƙi. Abin da hankali ke hukuntawa a nan shi ne mutum ya gwada birkinsa tun yana layin unguwa da ƙaramin gudu, kafin ya hau babban titi, idan kuma daga wurin wanki ya fito ya ɗan taka birki sau da yawa domin zafin ya busar da ruwan, maimakon ya kai motar gida ya kulle ta jiƙe. Wasu motocin zamani ma an tsara su ta yadda idan magogin gilashi yana aiki, fad zai riƙa shafar faifai lokaci lokaci yana share ruwa ba da sanin direba ba.

Haka nan tsatsar da ke kan ƙoƙon tsakiyar faifai da bakin gefensa, inda fad ba ya taɓawa, muddin siririya ce ba ta fara ɓarewa ɓawo ɓawo ba, ba ta da tasiri a kan tsayuwar mota. Wanda ya sauya faifai saboda wannan ya yi asarar dukiya ba tare da ya sayi aminci ba.

Inda haɗarin yake

Hukunci yana juyawa ne idan aka yi tafiya mai ɗan nisa, aka taka birki yadda ya kamata, sa'an nan aka duba aka tarar da zoben tsatsa yana nan daram a fuskar faifai, farin da ya rage kuma siriri ne a tsakiya. Wannan tsatsa shaida ce da ke ba da labarin cewa fad ba ya kaiwa wurin, kuma wajibi ne a tambayi dalili. Galibin motoci kalifarsu mai zamewa ce, fistin yana ɓangaren ciki kaɗai, jikin kalifar kuma yana zamewa a kan fil biyu masu giris da aka rufe da 'yar rigar roba, domin ya janyo fad na waje. Idan robar ta yage, ruwa da ƙura suka shiga, fil ya yi tsatsa ya cije, sai fad ɗaya ya ɗauki aikin biyu ya cinye da wuri, ɗayan kuma ya zauna kusan banza, fuskar da ke gabansa ta yi ta ruɓewa. Hakanan tsatsa takan kumbura a cikin maƙallin da kunnuwan fad ke zaune ta ƙulle su, ko ta kama jikin fistin ya ƙi komawa, birki ya riƙa jan taya alhali ba a taka shi ba, wili ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, mai ya yi ta ƙonewa a banza.

A nan akwai wata shubuha da take yaudarar direbobi, har da ƙwararru, kuma ina roƙon majalisi ta ba ni dama in tsaya a kanta. Mutum zai ce, ai faifaina rabinsa tsatsa ne, amma ga shi ina taka birki mota tana tsayawa cak, to ina illar? Maganarsa gaskiya ce a zahiri, kuma ilmi ya san sababinta, domin tun 1699 Guillaume Amontons na Faransa ya bayyana cewa ƙarfin gogayya yana bin nauyin matsi ne, bai cika damuwa da faɗin wurin da ke haɗuwa ba, saboda haka fad da ke taɓa rabin faifai zai iya ba da kusan cikakken ƙarfi a taku guda cikin gari. Abin da ya ɓace wa mai wannan hujja shi ne zafi. Kilojul 580 ɗin nan ba su ragu ba, sai dai yanzu suna bi ta ƙofar da ta ƙuntata, siririn zoben da ya rage yana ɗaukar zafin da aka tsara wa dukan fuska, sai danƙon da ya haɗa sinadaran fad ya fara ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi kamar gilashi, ƙarfin cizonsa ya faɗi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Birkin da ya gamsar da mai shi shekara guda a titunan Kano, inda ƙasa take shimfiɗe, ba a gane haƙiƙaninsa sai ranar da aka cika mota da mutane da kaya aka gangaro Hawan Kibo, kuma a wannan wuri ba a samun damar gwaji na biyu.

Idan kuma lalacewar ta fi yawa a taya ɗaya, sai ƙarfin birkin dama da na hagu su saɓa, mota ta fizgi sitiyari zuwa gefe a lokacin takun gaggawa. Dokar gwajin motoci ta Tarayyar Turai ta ɗauki wannan babban aibi ne idan ƙarfin taya ɗaya ya gaza kashi 70 cikin 100 na 'yar'uwarta da ke ɗaya gefen.

Motar da aka ajiye watanni tana da nata ciwo. Wurin da fad ya rufe yakan ci ta wata fuska dabam da sauran faifan, ya bar tambari mai siffar fad, wani lokaci fad ɗin ya manne har sai an ji ƙara kamar an fasa abu kafin taya ta juya, musamman idan an bar birkin hannu a ɗaure. Tsatsar da ta daɗe kuma takan huda ƙananan ramuka waɗanda gogayya ba ta iya shafewa. Sakamakon haka kaurin faifai ya saɓa daga wuri zuwa wuri, bambancin da bai wuce milimita 0.02 ba kuwa ya isa a ji feda tana bugun ƙafa, sitiyari yana karkarwa. Kanikawa sukan ce faifai ya lanƙwashe, amma sau da yawa idan aka auna sai a tarar saɓanin kauri ne, ko kuma tsatsa ce aka bari a fuskar hob, gindin da faifan ke zaune a kai, aka ɗaura sabon faifai a kanta ya zauna a karkace, alhali layin da aka yarda faifai ya yi yayin juyawa bai cika wuce milimita 0.05 ba.

Sauran aibobin kuwa duk a ɓoye suke. Fuskar ciki ta faifai, wadda ke fuskantar garkuwar ƙura, takan fi ta waje lalacewa nesa ba kusa ba, domin danshi ya fi daɗewa a can, har a sami faifan da wajensa ke sheƙi cikinsa kuwa ya zama ɓawo. Faya-fayan gaba suna da ramukan iska a tsakanin bango biyu, idan tsatsa ta toshe su sanyaya ta ragu, idan ta ci ginshiƙan da ke riƙe da bangon ƙarfin faifan kansa ya raunana. Takan kuma kutsa tsakanin fad da farantin ƙarfen da aka manna shi a kai, ta kumbura ta ɗaga shi har ya ɓalle gaba ɗaya. Mafi muni duka ita ce wadda ke cin bututun man birki a ƙarƙashin mota, domin sauran suna yin gargaɗi da ƙara ko karkarwa, wannan kuwa bututun yana riƙe da mai lafiya lau har ranar da aka taka da ƙarfi ya fashe, feda ta nutse. Shi kansa man birki yana shan danshi daga iska, nau'in DOT 3 da ke tafasa a digiri 205 yana sabo yakan sauko wajen 140 idan ya sha ruwa, DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155, ruwan nan kuwa yana cin fistin daga ciki, shi ya sa kamfanoni da yawa suke umurni da a sauya shi duk bayan shekara biyu.

Ƙasashen gishiri da motocin da ke zuwa mana

Asalin wannan ciwo na tsatsa a ƙasashen sanyi yake, inda ake watsa gishiri a tituna domin narkar da ƙanƙara, Amurka kaɗai tana zubar da wajen tan miliyan 20 a shekara. Tarihin birkin faifai ma yana ɗauke da wannan darasi, domin kamfanin Crosley na Amurka ya sa shi a ƙananan motocinsa a 1949, amma gishirin hanya ya ci sassan birkin har suna maƙalewa, dole ya koma birkin ganga a 1950. A 2015 kuma hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka, bayan dogon bincike a kan fashewar bututun birki, ta yi kira ga masu tsofaffin motoci a jihohin gishiri da su riƙa wanke ƙarƙashin motocinsu, su kuma sa a duba musu bututun.

Wani zai ce, mu da ba mu san ƙanƙara ba, me ya haɗa mu da wannan? Abin da ya haɗa mu shi ne kasuwa. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo, Nijeriya tana cikin manyan masu saye. Motar da ta yi hunturu goma a Mishigan ko Ontariyo ko Jamus, sa'an nan ta yi makonni a teku, ta kuma zauna a tashar Ikko ko Kwatano cikin iska mai gishiri tana jiran takardu, tana isowa Kano ko Maraɗi ne da ciwonta a ciki, an wanke ta an goge, fenti yana ɗaukar ido. Yanayinmu na Arewa a kan kansa mai sauƙi ne ga ƙarfe, domin a hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, can ƙasa da iyakar da Vernon ya ambata, amma bushewar iska ba ta mai da ƙarfen da aka riga aka ci, gishirin da ya maƙale a lunguna kuma yana nan yana jiran damina.

Namu sababan na gida su ne ƙura da laka da ambaliya. Zafi da ƙura suna busar da rigunan roba su tsage, jar laka takan cushe ramukan iska ta riƙe ruwa kwanaki, motar da ta nutse kuwa, irin waɗanda ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 ta shafe, ba ya halatta a hau da ita titi don kawai injinta ya tashi, sai an kwance birkinta ƙafa huɗu an wanke an sauya mai. Akwai kuma wata al'ada da nake ganin wajibi ne a yi faɗakarwa a kanta, watau fesa baƙin mai ko gas a ƙarƙashin mota da niyyar hana tsatsa. Niyyar kyakkyawa ce, amma idan ya taɓa faifai ya shiga fad to fad ɗin ya mutu, ba a wanke shi, man fetur da danginsa kuma suna kumbura robar birki su lalata ta, shi ya sa ko fil ɗin kalifa ba a shafa masa giris na gama-gari sai wanda aka yi domin birki.

Motocin lantarki da suka fara shigowa za su ƙara wa mas'alar nauyi, domin injinsu ne ke rage gudu yana mai da ƙarfin cikin batir, faifai kuma yakan daɗe ba a cije shi da ƙarfi ba, har Volkswagen ta mai da birkin ganga a bayan motarta ID.3, wasu kamfanoni kuma suna gasa fuskar faifai da naitirojin ko su lulluɓe ta da ƙarfe mai tauri.

Awo da amana

Tun da ido ba ya isa shaida, sai a koma ga ma'auni. Kowane faifai an buga masa a jiki mafi ƙarancin kaurin da ya halatta ya kai, galibi kimanin milimita 2 ƙasa da kaurinsa yana sabo, kuma ana auna shi da maikuromita a wurare da yawa kewaye da fuskar, a kauce wa tudun da ke bakin gefe, wanda ke sa faifan da ya ƙare ya yi kamar yana da sauran jiki. Idan ramukan tsatsa ba su yi zurfi ba, kauri kuma yana da saura, ana iya sassaƙe fuska biyun a inji da sharaɗin kada a sauka ƙasa da lambar nan; idan sun yi zurfi, ko ginshiƙan ciki sun ci, ko akwai tsaga, babu magani sai sauyi, kuma a sauya dama da hagu tare, da sabon fad, a kankare fuskar hob har ta yi fari, a wanke man ajiyar da sabon faifai ke zuwa da shi. Wanda ya sauya faifai ya bar fil a cije bai yi kome ba, domin cikin 'yan watanni sabon zai koma kamar tsohon.

Yawancin masu motocinmu tsofaffin kayan gyara suke saye a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, kuma ba na ganin laifin haka, domin tsohon faifai na asali mai cikakken kauri yakan fi sabon da ba a san inda aka zuba shi ba. Laifin yana ga wanda zai goge faifan da ya ƙare da samfefa har ya yi sheƙi, ya miƙa wa mai saye yana sane da aibinsa. Malamanmu na Malikiyya sun yi tafsilin wannan tun da daɗewa, Risala ta Ibn Abi Zaid ta haramta algus da ɓoye aibin haja, ta ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano, ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka ba su amana, kuma idan wannan ne hukunci a kan tufa da dabba, to ƙiyasinsa a kan abin da rai ya dogara da shi ya fi ƙarfi. Ina ganin ya dace ƙungiyoyin kanikawa da na 'yan kasuwar kayan gyara su mai da shi sharaɗi cewa ba a sayar da tsohon faifai sai an auna shi a gaban mai saye an nuna masa lambar da ke jikinsa.

Ga hukumomi kuma, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya da aka kafa a 1988, gwajin da ake yi a bakin titi na cewa direba ya taka birki a ga ko mota za ta tsaya ba ya kama mafi yawan aibobin da muka lissafa, saboda dalilin da Amontons ya bayyana. Abin da ke kama su shi ne na'urar birgima da ke auna ƙarfin kowace taya ita kaɗai ta fito da saɓanin dama da hagu, da rami ko abin ɗaga mota wanda zai ba mai duba damar haska fitila a fuskar ciki ta faifai da tsawon bututun mai, kuma mafi cancantar lokacin yin wannan shi ne ranar da za a yi wa motar da aka shigo da ita rajistar farko, kafin a ba ta lamba ta shiga tasha ta fara ɗaukar fasinja.